Daga Karofi Zuwa Maplewood: Inda Manya Suke Kwance

Idan kun taɓa jin ana lissafa sarakunan Kano na Fulani, za ku lura da wata kalma da take maimaituwa. Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Abbas Maje Nasarawa. Wannan "Maje" ɗin ba sarauta ba ce, kuma babu wanda aka raɗa masa ita ranar suna. Laƙabi ne da ake liƙa wa sarki bayan ya bar duniya, ana nuni da wurin da ya je bai dawo ba. Sarki Abdullahi ɗan Dabo ya hau gadon Kano a 1855, ya yi mulki kusan shekara ashirin da bakwai, amma a 1882 yana kan hanyar Sakkwato ajali ya riske shi a Karofi, cikin ƙasar Katsina. Sarkin da yake da Gidan Rumfa, ga bayi ga dawakai, sai ga shi sunansa ya haɗu da na wani ƙaramin gari har abada.

'Yan uwa, na ɗauko wannan zance ne saboda tambayar da ba ma son yi a gidajenmu na nan Amurka. Muna maganar takardu, muna maganar makarantar yara da kuɗin haya da filin da ake gina mana a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Amma idan aka ce "in ta Allah ta kasance, a ina za a binne ka?" sai kowa ya ce a'uzubillahi, a canja magana. To ni ina ganin tarihinmu yana da abin faɗa a kan wannan, kuma abin da zai faɗa zai iya rage mana fargaba.

Mu fara da gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a 1754, wurin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Ya tashi a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya zauna Sifawa, sannan ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Sakkwaton da ta karɓi gawarsa sabon birni ce a lokacin, ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa ta 'yan shekaru kafin nan. Yau ba a iya raba Sakkwato da Hubbare, har ana ce mata Birnin Shehu, alhali shekaru ƙalilan ya yi a cikinta yana raye. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da shi. Ƙanensa Abdullahi kuwa yana Gwandu. Shi Bello da ya gina Sakkwato da kansa, ba a cikinta yake ba. Ya rasu a 1837 a Wurno, ribaɗin da ya kafa don tsaron iyaka, kuma can kabarinsa yake. Kun ga gida ɗaya, uba da ɗa da ƙane, garuruwa uku.

Da Turawa suka zo, abin ya ƙara nisa. Kano ta faɗi a farkon Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, aka wuce da shi Lakwaja, garin da Kwara da Binuwai suke haɗuwa. Bai sake ganin Dala da Goron Dutse ba. A Lakwaja ya rasu a 1926, bayan fiye da shekara ashirin yana zaman gudun dole. Ba shi kaɗai ba ne. Sarkin Zazzau Kwasau can ya ƙare rayuwarsa, haka Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami kuma mawallafin waƙoƙi, wanda Turawan suka naɗa da hannunsu a 1903 suka kuma sauke shi da hannunsu, ya rasu a Lakwaja a 1924. Kaburburansu suna nan a garin har yanzu, kuma zuriyarsu na zuwa ziyara. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa kudu a mota ya ratsa ta gefensu, ko ya sani ko bai sani ba.

Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ma bai samu zaman gudun dolen ba. Bayan an ci Sakkwato a 15 ga Maris 1903, sai ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. Sojan Ingila suka cim masa a Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yanzu, kuma a ranar 27 ga Yuli 1903 ya yi shahada tare da mutanensa da dama. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu, garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Uba yana Burmi, ɗa yana Sudan, kakanni suna Sakkwato da Wurno. Jikokinsu na Sudan suna jin Hausa da Fulatanci da Larabci, kuma maƙabartarsu tana can inda suke, ba su jira komawa gida ba.

Waɗannan yaƙi ne ya raba su da gida. Akwai waɗanda neman ilimi da fatauci suka fitar, su ne ma suka fi kama da mu. A ƙarni na 18 an yi wani malami daga Katsina, Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, ya zarce Alƙahira, ya sauka a gidan malamin nan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya kammala wani littafi a kan lissafin gidajen hatimi, wato yadda ake jera lambobi a cikin murabba'i ta yadda duk ta inda ka tara sai jimla ta zo ɗaya. Masana tarihin lissafi suna nazarinsa har yau. Ya rasu a Alƙahira a 1741, aka binne shi a can cikin malaman garin. Katsina tana da Ɗanmarina da Ɗanmasani a cikin ganuwarta, amma wannan ɗan nata Masar ce ta riƙe shi.

Sai Alhaji Umaru, wanda mutanen zango a Gana suka sani da Imam Imoru. An haife shi a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Ya isa Salaga a 1892, shekarar da yaƙin basasa ya tarwatsa garin, daga baya ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Bolta, ya zama limami. Ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, har da labarin zuwan Nasara, ya yaye ɗalibai da suka bazu cikin zangunan Gana da Togo. A Kete-Krachi ya rasu a 1934. Yau in ka tambayi Bakano a Kurmi wane ne Alhaji Umaru na Karaci, da wuya ka samu amsa. Amma a zango, duk mai zurfin karatu ya san shi, da yawa ma silsilar malamansu gare shi take komawa.

Kada kuma ku ce ina nufin duk wanda ya fita ba ya dawowa. Ga Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka kai Barno. Bajamushen nan Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, a 1855 kuma Barth ya tafi da shi Landan tare da abokinsa Abbega. A Ingila ya zauna da wani mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su a littafi. Ya ga dusar ƙanƙara ya ga jirgin ƙasa tun kakanninmu ba su ji labarinsu ba. Duk da haka ya dawo, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, kuma a nan ya rasu a 1912.

A zamaninmu jirgin sama ya sauƙaƙa dawowar. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu a Landan a Satumban 1992, aka kawo shi Kaduna. Muhammadu Buhari shi ma a Landan ya cika a 13 ga Yuli 2025, kwana biyu bayan haka aka binne shi a gidansa na Daura. Malam Aminu Kano, da ya rasu a 1983, yana cikin gidansa na Mambayya a Gwammaja. Mamman Shata kuwa ɗan Musawa ne, mazaunin Funtuwa, amma da ya rasu a 1999 Daura aka kai shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Sai dai mu tuna, waɗannan manya ne, gwamnati da jama'ar gari ke ɗaukar nauyinsu. Direban Uber ko mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wa zai aiko masa da jirgi?

Yanzu bari mu dawo jihar da muke zaune. Tun kafin ɗayanmu ya taka Karolina ta Arewa, wani malami daga Afirka ta Yamma ya riga mu kwanciya a ƙasarta. Sunansa Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro a Senegal ta yau, an haife shi wajen 1770. Da bakinsa ya ce ya yi shekara ashirin da biyar yana neman ilimi. An kama shi a yaƙi, aka sayar, aka sauke shi a Charleston a 1807. Ya gudu daga hannun wani mugun ubangida, ya yi ta tafiya har Fayetteville, inda aka kama shi aka kulle a 1810. A cikin kurkukun ne ya riƙa rubutun Larabci a bango, mutanen gari suka yi ta zuwa kallon baƙin bawa mai rubutu daga dama zuwa hagu. James Owen, ɗan'uwan wanda daga baya ya zama gwamnan jihar, ya ɗauke shi, kuma a hannun gidan Owen ya ƙare rayuwarsa.

A 1831 Umar ya rubuta tarihin kansa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Ya shiga cocin iyayen gidansa, kuma masana suna ta muhawara a kan abin da ke cikin zuciyarsa. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ba a musu a kai shi ne ya rasu wajen 1864, yana da shekara fiye da casa'in, har lokacin bawa ne, saura kaɗan a soke bauta a Amurka. An binne shi a gonar gidan Owen a gundumar Bladen, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Greensboro, kuma alamar kabarin ta ɓace. Babu ɗa, babu dangi da za su kula da ita. Rubutunsa ne ya tsira: Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya mallaki takardun a 2017, kuma tun 1991 akwai masallaci a Fayetteville mai ɗauke da sunansa. Ni dai duk sanda na tuna shi, ɓacewar alamar nan ce take tsaya mini a rai, don ita ce makomar duk wanda aka binne ba shi da jama'a a kusa.

Baƙar fatar garin nan sun fahimci haka tun da wuri. A zamanin wariya, ko a mutuwa ba a haɗa baƙi da farare. Shi ya sa a shekarun 1880 coci uku na baƙar fata suka haɗa hannu suka samar da maƙabarta ɗaya a titin South Elm, suka kira ta Union, wato haɗaka. Mutanen da da yawansu an haife su cikin bauta, ba su da wani abin kirki, amma suka ga fili na binne matattunsu ya zama dole. A 1993 an sa wurin cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Bayanta kuma aka samu Maplewood a nan gabashin gari, wadda hukumar birni ke kula da ita, ita ma tun asali ta baƙar fata ce.

Maplewood tana da labarin da ya kamata duk mazaunin East Greensboro ya sani. A ranar 3 ga Nuwamba 1979, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan da 'yan Nazi na Amurka suka shigo unguwar Morningside Homes a jerin motoci, suka buɗe wuta kan masu shirin zanga-zangar adawa da su, a gaban kyamarorin talabijin. Mutum biyar suka mutu: César Cauce, James Waller, William Sampson, Sandra Smith da Michael Nathan. Biyu daga ciki, Waller da Nathan, likitoci ne. An yi shari'a sau biyu, a 1980 da 1984, masu yanke hukunci duk farare, aka wanke maharan. Sai a 2020 majalisar birnin ta nemi gafara a hukumance kan rawar da 'yan sanda suka taka. An rushe Morningside, unguwar Willow Oaks ce a wurin yanzu, akwai kuma allon tarihi a bakin titin McConnell.

Abin da ya shafi zancenmu shi ne inda aka kai gawarwakin. Maza huɗun ba baƙar fata ba ne, Cauce ma a Kyuba aka haife shi, ɗan ci-rani ne kamar mu. Amma a ranar 11 ga Nuwamba aka raka su Maplewood, maƙabartar baƙaƙe, kusa da unguwar da aka kashe su. Sandra Smith kuwa, baƙar fata ɗaya tilo a cikinsu, wadda ta taɓa shugabantar ɗaliban Kwalejin Bennett, danginta suka nemi a mayar musu da ita Karolina ta Kudu, aka mayar. Rana ɗaya aka harbe su, amma iyalai suka yanke shawara iri biyu, kuma ban ga wanda za a zarga a cikinsu ba.

Addininmu ma ya san hanyoyin biyu. Shahidan Uhudu an binne su a inda suka faɗi, har waɗanda dangi suka fara ɗauka aka ce a mayar da su. Abu Ayyub Al'ansari, wanda ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa a Madina, kabarinsa yana Santambul. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas kuma ya rasu a Aƙiƙ, aka ɗauko shi zuwa Madina. Sunna dai ita ce a gaggauta sutura, kuma ƙarshen Suratu Luƙman ya lissafa ƙasar da mutum zai mutu cikin abubuwan da aka ɓoye wa bawa. Hukuncin ɗaukar gawa daga wata ƙasa zuwa wata kuwa na malamai ne, ku zauna da naku ku tambaya tun da sauran lafiya.

Abin da zan iya faɗa muku da bakin ma'aikaciyar jinya shi ne yadda abin yake a aikace. Da zarar rai ya yi halinsa a asibiti, ba a daɗewa za a tambayi iyali wane kamfanin jana'iza ne zai zo ɗaukar mamaci daga mutuware. Na sha ganin mace tsaye a baranda da waya biyu a hannu, ɗaya yayan miji ne daga gida yana cewa lallai a kawo musu ɗan'uwansu, ɗaya ɗanta ne da aka haifa a nan yana cewa shi fa ba za a kai babansa inda ba zai iya ziyarta ba. Mai maganar da za ta raba gardama kuwa yana kwance, bai bar wasiyya ba. A irin wannan daren ne zumuncin shekara talatin yake tsinkewa.

Kai gawa gida ba kamar sayen tikiti ba ne. Sai an samu takardar shaidar mutuwa, da izinin ɗaukar gawa, da takardun ofishin jakadanci. Galibi sai an yi wa mamaci allurar hana ruɓewa, an rufe shi cikin akwati na musamman, kuma kwanaki suna tafiya, wani lokaci makonni. Kuɗin dubban daloli ne. Binnewa a nan ma tana da nata: sayen kabari, kuɗin haƙa, kuma maƙabartu da yawa suna sharɗanta a sa akwatin siminti a cikin ramin. Sannan a tabbata an fuskantar da mamaci alƙibla, wadda daga nan take arewa maso gabas. A gida maƙwabta ne za su haƙa kabari kafin a gama wanka, likkafani wani ya kawo, makara tana masallaci. A nan duk abin da ba mu shirya da kanmu ba, kamfani ne zai yi shi, da farashinsa.

Saboda haka ga roƙona. Maigida, zauna da uwargida ku yi maganar nan da rana tsaka, ba a ɗakin jinya ba. Ku kira na gida ku gaya musu abin da kuka yanke, don kada su ji shi daga bakin bazawara a ranar makoki su ɗauka ita ta ƙulla. Ku rubuta, domin dokar jihar nan ta yarda mutum ya bar rubutacciyar wasiyya a kan yadda za a yi da gawarsa da wanda zai tsaya a kai. Wanda ya zaɓi gida, ya tanadi kuɗin, kada ya bar wa marayu bashi da yawon roƙo a WhatsApp. Wanda ya zaɓi nan, ya shiga asusun jana'iza na masallaci ko na ƙungiyarsu, ya biya nasa a kan kari. Matanmu su koyi wankan gawa daga manya tun suna nan, samari su koyi ɗinkin likkafani da saukar da mamaci. Mutanen Nijar da Najeriya da Gana da ke garin nan muna da yawan da za mu iya abin da coci uku suka yi a South Elm, su da ba su kai mu hali ba.

Yaranmu kuma a kai su su gani. Hutun da za a je gida, a ware yini ɗaya a je Hubbare ko Mambayya ko Ɗanmarna, a nuna musu kabarin kaka a gaya musu sunanta da na garinsu. A nan ma Maplewood ba ta da nisa, Fayetteville tafiyar safe ce a dawo da yamma. Yaron da ya san Sarkin Kano yana kwance a Lakwaja, malamin Katsina yana Alƙahira, limamin da aka haifa a Kano yana Kete-Krachi, ba zai ga abin kunya ba idan wata rana aka ce babansa yana Guilford. Zai dai san hanyar wurin, ya je ya share, ya yi addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu duk inda suke kwance, na gida da na nesa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.